Malam Jonah Atu da Jan San Maitama

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Malam Jonah Atu yake sauka daga acaɓa a bakin shagonsa da ke bayan tashar mota a Funtua. Da can da kansa yake tuƙo babur ɗinsa, amma yau shekara biyu ke nan da matarsa Rahab ta ɓoye makullin, ta ce ba ta shirya zaman makoki saboda taurin kan mutum ɗaya ba. Yakan lalubi kwaɗon ya buɗe, ya share ƙofar shago, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukundireba uku da ɗan buroshin fenti da gilashin nan mai ƙara wa rubutu girma. Sai ya zauna ya sauke ajiyar zuciya, irin ta mutumin da ya gaji tun aiki bai soma ba. Shekara ashirin da uku yana gyaran kwamfuta a garin nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, don idanun sun ƙi. Likita ya ce masa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran.

Ba wanda zai kafa masa rumfa ya kira maroƙa. Ni kuwa wallahi na gaji da karanta yabon masu haƙa rijiya ɗaya su ɗauki hoto goma a bakinta. Shi ya sa na ce kafin ya sa wa shagon nan kwaɗo na ƙarshe sai na faɗa wa mutane ko wane ne shi, da yadda ya hana wani manomin Tsiga sayar da san huɗarsa ana saura 'yan kwanaki damina ta sauka.

A 'yan shekarun nan yawancin masu zuwa wurinsa samari ne 'yan gem. Kowa ya shigo wayarsa a hannu, ya riga ya kalli bidiyo ya zama injiniya. "Baba, gem ɗina yana maƙalewa, katin hoto nake so, ga sunansa." Katin hoto shi ne abin da ke zana duk motsin da ake gani a allo, kuma shi ya fi komai tsada a cikin akwatin. Wani mai shagon da jin haka sai ya miƙe ya jawo durowa. Malam Jonah ko motsi ba ya yi. Maganarsa ɗaya ce: "Je ka kawo ta, ka buga in gani." In an kawo, sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin akwatin yana jin zafi, ya kai kunne kusa da fanka, ya buɗe wurin da ke nuna wane ne ya jigata a cikin kayan, wane ne ke zaman banza. Yakan ce musu kayan cikin kwamfuta kamar 'yan ƙodago ne a gona ɗaya, mai sanyin jiki shi ke riƙe kowa, in ka sauya mai sauri ka bar mai sanyin jikin ba ka yi komai ba. Samarin ba sa son jin haka, sun fi son a ce musu su sayi babban abu.

Tasalla mai abinci, wadda rumfarta ke jingine da shagonsa, ta ce ba ta san iyakar cinikin da ta ga ya kora da bakinsa ba. Ta ce ran nan wani ɗan Alhaji ya zo da mota, ya rantse sai an sauya masa komai, Malam Jonah ya goge masa fanka ya shafa wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan farin man da ke rage mata zafi, ya ce ya tafi ya buga, in ta sake maƙalewa ya dawo. Bai dawo ba. "Na ce masa, Baban Murna, wai kai ɗan kasuwa ne ko mai wa'azi? Sai ya ce, Tasalla, zubo mini shinkafa da wake, ki rage barkono. Mutumin nan ya gagare ni."

To, ga yadda zancen san ya faru.

Maitama manomi ne a Tsiga, dattijo mai shanun huɗa biyu, ja da fari. Da su yake huɗe gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta huɗa ya sami na taki da na cefane. Ɗansa Isah, mai shekara ashirin da bakwai, shi ne ke riƙe garma a da, kuma shi ne ɗan bayan ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Shekara uku da suka wuce ya ɗauko buhunan masara a babur, ya faɗa kwalbati, ƙashin baya ya taɓu. Tun daga ranar ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba. Mijin yayarsa ya tausaya, ya sayo masa tsohuwar kwamfuta daga wani kamfanin gurzar auduga da ya rufe, aka sa masa gem ɗin ƙwallo da hannuwan bugawa biyu. Allah sarki, ɗakin da ya yi shiru ya koma dandali. Da an yi la'asar abokansa suke cika shi, ana ihu ana musu, uwarsa Hajjo tana faɗan sun cika mata kunne alhali murna ce fal cikinta.

Sai aka sa sabon gem, kwamfutar ta fara gardama. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga sai ya sandare a haka, kafin ya motsa an zura ƙwallo a raga. Wa zai jure wannan? Abokai suka fara zamewa da ɗai-ɗai, yau wannan yana da aiki, gobe wancan ya tafi gidan kallo. Isah ya koma kallon rufin ɗaki. Ya bincika a waya, ya rubuta sunan wani katin hoto a takarda, ya miƙa wa ubansa. Maitama ya ninke takardar ya sa a hula, ya hau mota sai Funtua.

Malam Jonah ya ɗora gilashinsa a kan takardar, ya daɗe yana kallo.

"Malam Maitama, ka san wannan katin kuɗinsa ya kai na sa?"

"An faɗa mini. Ai san zan sayar."

"Shanu nawa gare ka?"

"Biyu. Na huɗa."

"To da me za ka yi huɗar bana? Ga hadari ya fara haɗuwa."

"Allah na nan, Injiniya."

"Allah na nan, amma karkiya wuya biyu take so. Je ka kawo mini kwamfutar tukuna."

Maitama bai ji daɗi ba. Shi da ya zo da niyyar yi wa ɗansa abin da uba ke yi, ga wani yana ja masa rai. Amma washegari ya kawo ta a bayan babur, a naɗe cikin bargo. Da Malam Jonah ya kwance murfin sai da ya ce, "Tabɗi!" Audugar kamfanin nan ta shekara da shekaru ta toshe fanka ta yi kitif, wadda ya ciro ta isa a yi wa jariri matashi. Ya share, ya kunna gem ɗin, da yake shi bai iya bugawa ba sai ya bar kwamfutar tana wasa da kanta. Ya kai fuskarsa dab da allo, gilashi a hannu, yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya har hawaye na zubo masa.

"Katin da ke cikinta ko gumi bai yi ba," in ji shi. "Kuma wancan da Isah ya rubuta wuta yake ci ba kaɗan ba, solar gidanku ba za ta ɗauke shi ba. Memori ne ya cika. Memori za a ƙara mata, shi ke nan. Irin nata tsohon yayi ne, ba ni da shi a hannu, zan aika Kano. Ka ba ni mako guda, kada ka taɓa san nan."

Nan ne ya yi kuskure, kuma shi da kansa bai musa ba. Ranar ya gaji liƙis, an ɗauke wuta sau uku, maganin ɗigawa yana yi masa raɗaɗi a ido, sai ya faɗi kalmar ya tsaya nan. A bakinmu kuwa memori abu ɗaya ne, ɗan mitsitsin nan da ake sa wa waya a tura waƙa da wa'azi. Wanda Malam Jonah yake nufi daban ne, ɗan dogo mai kama da ƙaramin mataji, 'yan sana'a suna ce masa ram, shi ke riƙe wa kwamfuta abin da take aiki da shi a daidai lokacin. Ina Maitama zai san wannan? Ya fito ya ɗaure kwamfutar a babur, ya ce a ransa memori ai ga shi nan birjik a layin 'yan waya, me zai sa yaro ya ƙara mako guda yana kallon rufi. Ya je ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne girma. Mai shagon bai tambaye shi na mene ne ba, ya miƙa masa.

Ya isa gida yana fara'a, tun daga zaure yake ce wa Hajjo jan sa ya tsira. Ya shiga ɗakin Isah ya ce ya buɗe hannu, ya sa masa abin a tafi. Isah ya dubi ɗan abin da bai kai farce ba. Da ma dariya ya yi, da da sauƙi. Sai ya ce, "Na gode, Baba," ya juya fuska ga bango. Maitama ya ce a duk shekara ukun nan ba abin da ya soke shi kamar godiyar nan.

Ranar kasuwa da safe wayar Malam Jonah ta yi ƙara. Rahab tana shagon, ta biyo shi da maganin ido da ya manta a gida, don haka a kunnenta aka yi.

"Injiniya, ka nemo mini katin nan. Ina hanyar kara da jan sa, da la'asar zan zo."

"Haba Malam Maitama! Ba mun ce memori ba?"

"Na sayo memorin. Ko ramin da za a sa shi babu."

"Wane irin memori ka sayo? Na waya? Kai! Ba shi nake nufi ba, akwai wani daban, tsaya in yi maka bayani."

"Memori iri nawa ne kuma? Malam Jonah, don Allah ka yi haƙuri, na gaji da bayani. Likitoci sun yi mini bayani shekara uku. Yaron nan ko abinci ya daina ci. Ka nemo katin."

Ya kashe. Malam Jonah ya sake kira har sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ya zauna ya yi tagumi. Mutumin Kano bai aiko ba, ya ce sai an bincika. Can sai ya jawo kwamfutarsa ta shago, tsohuwa sa'ar ta Isah, wadda da ita yake gwada kaya yake sa wa mutane manhaja. Ya kwance ta, ya zare memorinta guda ɗaya tilo, ya naɗe a takarda ya sa a aljihun gaba.

"Baban Murna, da ita fa kake aiki," in ji Rahab.

"Saura kwana nawa in rufe, Rahab?"

"Likita ya ce kada ka shiga rana da iska."

"Likita ba shi da sa."

Ta ce ta buɗe baki za ta yi faɗa sai ta ga ba amfani, shekara talatin tana yi bai ji ba. Ta cire mayafinta ta ba shi ya rufe fuska, ta tsayar masa da ɗan acaɓa, ta ja masa kunne ya bi a hankali da tsohon nan.

Rana ta take sosai kafin su isa Tsiga. Hajjo ta shigar da shi ɗakin Isah. Daga hasken waje zuwa duhun ɗaki, idanun suka ɗauke gaba ɗaya. Ya tsuguna a gaban akwatin ya ce, "Isah, haska mini da wayarka." Isah ya haska. Hasken bai taimaka ba, amma Malam Jonah bai faɗa ba. Da yatsu ya nemi ramin, ya bi gefensa, ya ɗora memorin ya danna, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya shafa haƙoransa har ya ji 'yar tsagar da ke nuna gabansa, ya sake ɗorawa. Isah ya ce shi a lokacin ne ya gane mutumin nan ba ya ganin abin da yake yi, sai ya ƙara matso da hasken duk da haka. Malam Jonah ya danna da manyan yatsu biyu, aka ji ƙas a wannan gefe, ƙas a wancan.

"Kunna. Buga in gani."

Isah ya ɗauki hannun gem. Aka take wasa. Minti ɗaya, biyu, biyar, 'yan wasa na gudu, ƙwallo na yawo, ba wanda ya sandare.

"Baba Jonah, duba! Duba, ko tsayawa ba ya yi!"

"Ina gani," in ji Malam Jonah. Wani kore-kore ne kawai yake gani yana motsi. "Ajiye haka nan, kira babanka. Ni ba ya ɗaukar tawa."

Wanda ya san kara ya san sa na mai shi ne har sai bakinsa ya ce "na sallama". Maitama yana tsaye tun hantsi, an taya an ƙara, mai saye ya yi tayin ƙarshe, igiya tana hannun dillali. Dillalin yana cewa, "Maitama, sallama mana mu tafi salla." Maitama ya ce kalmar tana kan harshensa wayar ta yi ƙara. Da wani ne da bai duba ba, amma kiran Isah ba ya wuce shi. Ya kara a kunne. Kafin ya ji magana sai ya ji ihun 'yan kallo na cikin gem yana tafiya ba yankewa, sannan muryar ɗansa da dariya a cikinta.

"Baba, kada ka sayar. Ta yi. Baba Jonah yana nan ɗakina."

Maitama ya mayar da wayar aljihu. Ya dubi dillali.

"Albarka."

"Haba Maitama! Tun safe fa muke abu ɗaya!"

"Albarka na ce. Ba ni igiyata."

Malam Jonah, kai ne wanda aka kawo wa ciniki har shago, irin wanda ba ka samu ba a shekarar nan, ka tsaya tambayar mutum da me zai yi huɗa. Kai ne ka yi kuskuren kalma ɗaya, ba ka ce laifin bagidajen ƙauye ba ne, ka hau acaɓa da rana tsaka ka je ka gyara da hannunka. Na san ka gaji. Ka gaji da ɗaukewar wuta, ka gaji da samarin da suka fi yarda da bidiyo a kan wanda ya buɗe akwatin ya gani, ka gaji da kallon maƙwabtan sana'a suna sauya mota kai kana nan da tawul ɗinka. Na tambaye ka ko kana da-na-sani, ka ce mini, "Wani lokaci." Na ji daɗin da ba ka yi mini ƙarya ba. Mai kunnen fanka, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya tsare maka ɗan hasken da ya rage, Ya ba Rahab ladan haƙuri da kai.

Ku kuma da kuka gaji layin, masu gyara da masu sayarwa, ba na ce ku kori ciniki ba, kowa da iyalinsa. Amma in dattijo ya zo ya ce a ba shi memori, me zai rage ku in kun ce, "Baba, na mene ne?" In saurayi ya zo da sunan kati a waya, ku ce ya kawo a gani, ku duba abin da ya gaza kafin ku sayar masa da abin da ya fi tsada. In kun faɗi kalmar sana'a, ku tabbata abin da kuke nufi shi mutumin ya ji. Ba ku san abin da ya kwance daga turke ba kafin ya iso gabanku.

Kwamfutar shagon ba ta ƙara tashi ba, mutumin Kano har yau yana bincikawa. Malam Jonah yana zuwa ne kawai ya zauna, masu kaya a wurinsa su zo su karɓa. Shekaranjiya ina nan zaune da shi wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Malam Jonah ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da zuwa, mun daina karɓar aiki."

"Ni ne, Injiniya. Maitama."

"Af, Malam Maitama! Yi haƙuri, shigo. Ya Isah?"

"Lafiya lau. Sun dawo suna cika mana kunne, Hajjo har ta fara faɗa." Ya dubi ƙafafunsa. "An yi ruwa a Tsiga ranar Talata. Na gama huɗar gonata jiya."

"Da su biyu?"

"Da su biyu."

Malam Jonah ya gyaɗa kai, ya jingina da bango ya lumshe idanun. Ya daɗe a haka, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Tasalla, zubo wa baƙona abinci, daga gona yake."